Inna da Kwabar Maɗaci

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma Inna, uwar mijina, ta riga mu tafiya. Ta cika da hantsin wata Talata, ana tsakiyar yankan alkama, rabin mazan gari suna gona. Sai da aka bi su har bakin kanal ɗin ban ruwa aka kirawo su sallar jana'iza. Wasu da ƙaiƙayi a jikin rigunansu suka tsaya a sahu.

Gida ya cika da mata, amma ba a yi kuka sosai ba. Ina tsugune ina zuba wa baƙi ruwa a buta, kunnena yana kwasar abin da ake faɗi. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga, tsohuwa sa'ar Inna, wadda suka shekara da shekaru suna gaisawa ta saman katangar suna kuma faɗa ta nan, ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya jiƙan ta. Ba ta da mugunta, sai dai baki." Wata ta ce, "Ai ta huta." Wata daga can baya ta ce ƙasa-ƙasa, "Kunnuwanmu ma sun huta." Aka mintsine ta.

Kawu, ƙanen Inna, ya iso daga Dawakin Kudu bayan an dawo daga maƙabarta. Ya shigo cikin gida ya yi mana gaisuwa, sannan ya tsaya a ƙofar madafi ya daɗe yana kallon ciki. Da ya juyo sai ya ce da maigidana, "Katako ne ya cinye yayar nan tawa." Maigidana shi ne ɗanta na fari, kuma tun safe ban ji ya ce komai ba in ban da "da godiya" ga masu yi masa ya haƙuri.

Mutum ɗaya ce ta yi kukan da aka ji har waje, Bafulatanar da ke kawo mana nono. Ba ta san an yi rasuwar ba. Ta shigo da ƙwaryarta a ka, ta ga tabarmi a shimfiɗe, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta dire ƙwaryar har nono ya fantsama, ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Sai da matar liman ta taso ta dafa ta, ta ce ta bari haka, addu'a ce ke amfanar mamaci.

Yanzu an yi arba'in, an raba gumba, kowa ya koma harkarsa. Abin da ya dame ni shi ne na fara jin yadda za a riƙa tuna ta. Kwanan nan a wani gidan suna wata tana kwatancen gidanmu ta ce, "Gidan tsohuwar nan mai faɗa a kan kwaba," aka kwashe da dariya. Ba ƙarya ta yi ba. Amma ni na zauna da Inna a madafi ɗaya, na sha faɗanta fiye da kowa, kuma na ga abin da masu dariyar ba su gani ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun kafin a manta da sauran.

An kawo ni gidan nan daga Garun Mallam zamanin farar hula, kafin soja su sake karɓar mulki. Madafin kowa a garin rumfar kara ce, ban da na Inna. Nata ɗaki ne na ƙasa mai taga, murhu yana ƙarƙashin tagar, can ɗaya bangon kuma kwaba biyu a jere, ƙafafunsu a kan duwatsu saboda gara. Babbar ta fi ni tsawo, murfinta biyu, ita ke ɗauke da kwanukan tuwo da na sha da tasoshin auren Inna. Ƙaramar iya ƙugu ce, a cikinta ake ajiye daddawa da kuka da gishiri da manja. Dukansu na maɗaci ne, ja mai duhu, suna sheƙi har mutum ya ga inuwar fuskarsa.

Ranar da na fara girki na wanke hannu na nufi ƙaramar zan ɗauko gishiri. Sai na ji daga bayana an ce, "Tsaya. Goge hannun." In aka cire gaisuwa, maganar farko ke nan da ta shiga tsakanina da surukata.

Surukina, wanda ban riske shi ba, kafinta ne. Shekarar da katafila ta zo share ƙasa don noman rani, an tumɓuke kuka da ɗorawa da duk wata bishiya mai inuwa, aka baje gonaki. Akwai wani maɗaci a ƙofar gidansu, shi ma aka kayar. Ya roƙi a bar masa gungumen, ya kai aka tsaga, ya zauna ya ƙera wa matarsa kwaba biyun nan, ya shafe su da banish, man nan da kafintoci ke shafa wa katako ya bushe ya yi sheƙi. Aikinsa na ƙarshe ke nan. Itace ya ƙare, aikin kafinta ya mutu, ya shiga noman rani da girmansa, yini guda ƙafa cikin ruwa. Fitsarin jini ya kama shi, ciki ya kumbura, ya tafi.

Alhamis ce ranar kwaba. Bayan an karya kumallo Inna za ta sa in kashe wuta, ta jira hayaƙi ya fita, sannan mu fito da kwanuka tas mu jera a tabarma. Da ruwan rijiya take aiki. Na kanal, in ji ta, ko ƙafarta ba ta yarda ya taɓa ba, balle kwabarta. Ta ɗumama shi daidai wankan jariri, ta gutsuri sabulu kamar ƙwayar wake ta narkar a ciki, ba ta bari ya yi kumfa. Tsummokaranta tsofaffin ɗankwalaye ne da suka sha wanki suka yi laushi, na sabulu daban, na ɗauraya daban, na bushewa daban. Wanda ya haɗa su ya shiga uku.

Da busasshe take farawa, ta share ƙura daga sama zuwa ƙasa, don ta ce in ruwa ya tarar da ƙura, ƙurar ce za ta karce katakon. Sannan ta miƙo min jiƙaƙƙen.

"Matse."

In matse.

"Ƙara. In yana ɗiga bai matsu ba."

Wuri kaɗan ake gogewa, a bi da na ɗauraya, a bushe shi nan take kafin a matsa gaba. "Ruwa ba ya zama a jikinta," haka take faɗi kowace Alhamis kamar ban taɓa ji ba. In na fara zagaya hannu sai ta ce, "Bi inda zanen itacen ya kwanta. Ba tukunya kike wankewa ba." Inda maiƙo da hayaƙi suka daskare ba ta dirzawa. Sai ta ɗiga lemun tsami kaɗan a ruwan, ta ɗora tsumman a wurin, ta ɗan jira, ta goge, ta sake ɗorawa har ya saki don kansa. Lunguna kuma da asuwakin da ta tauna bakinsa ya yi laushi take bi. Toka da yashi da soso kuwa ko kusa da bangon ba sa zuwa. In an sayo sabulun da ba ta saba da shi ba, sai ta gwada shi a cikin murfi ta can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ta bari ya kwana ta duba. Lokaci-lokaci ta lakato man kaɗe ɗan mitsitsi, ta murza a tafin hannu ya narke, ta shafa, ta yi ta gogewa har sai yatsa ya bi bai ɗauko maiƙo ba.

Wuri ɗaya ne ba ta taɓa bar min ba. A murfin hagu na babbar, kusa da mariƙi, akwai wani tabo kamar datti. Wata rana na kai tsumma zan dage masa, sai ta cafke min wuyan hannu.

"Duba da kyau."

Na kai ido kusa. Zanen babban yatsa ne, ya nutse cikin banish ɗin.

"Bai bushe ba ya dafa, wai yana dubawa," in ji ta. "Na yi masa faɗa ranar." Ta saki hannuna. "Koma can ki ci gaba."

Ban sake jin ta yi zancen mijinta da tsawon da ya kai wannan ba.

Inna ba ta da sauƙi, ba zan ce tana da shi ba don ta mutu. Ba ta yabo. In tuwo ya yi daɗi sai ta ce, "An ci." In bai yi ba unguwa za ta ji. Ba ta ara, in kuma an ari nata ba ta da sukuni sai ya dawo ta jujjuya shi ta duba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ni. Maigidana kuma "wancan" ne, don kunyar ɗan fari. Ta haihu da yawa ta binne, waɗanda suka tsaya mata su ne shi da Auta, ƙanwarsa.

Shekarar da annoba ta faɗa wa shanu, damina kuma ta yi gardama a bayanta, Bafulatanar nan ta daina zuwa. Rugarsu tana kan hanyar Bunkure. Muka ji shanunsu sun ƙare, mijinta ya kora 'yan waɗanda suka rage ya yi kudu, ba labarinsa. Wata rana sai ga ta da goyo, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, ƙwaryar a ka amma da gani babu nauyi. Ta durƙusa ta gai da Inna.

"Ina nonon?"

"Babu, Inna."

"To me ya kawo ki da ƙwarya ba komai? Matsa can ki zauna, kin tare min haske."

Ni kaina na ji nauyin maganar. A lokacin mu ma sau ɗaya muke ɗora tukunyar tuwo. Inna ta shiga madafi ta buɗe ƙaramar kwaba, ta jawo wani ƙullin dawa da ban san da shi ba daga bayan daddawa, ta juye mata a ƙwaryar, ta rufe da faifai.

"Ba kyauta ba ce," in ji ta. "Alhamis ki zo ki fitar min da kwanuka. Yarinyar nan hannunta nauyi gare shi."

Haka ta riƙa zuwa duk Alhamis, ta fitar da 'yan kwanukan da ni kaɗai ma na isa in fitar, ta ci abinci, ta tafi da ƙwarya a rufe. Maigidana ya gaji ya ce, "Inna, mu ma fa kina ganin halin da muke ciki." Ta ce, "Daga kwanonka na ɗiba?" Kuma gaskiyarta. Ni ce mai rabon tuwo, na sha ganin ta gutsure rabin malmalarta ta rufe ta tura cikin kwaba. Haka aka yi har kaka ta zagayo. Ranar da matar ta tsaya za ta yi godiya da hawaye, Inna ta ce, "Rufe min baki, kin cika surutu."

Auta kuwa ita ce hasken gidan nan. Tana aure a Kumbotso, mijinta direba ne, duk zuwanta da labaran birni da dariya take shigowa. Ta riƙe ni kamar cikinmu ɗaya. Ta zo sunan ɗana na biyu ana gobe suna, da tsarabar garin sabulu na kwali, irin wanda a lokacin sai an yi layi ake samu, da soson ƙarfe. Inna ta tafi kasuwar Kura sayen kayan miya, ni ina ɗaki ina jego. Auta ta san dokar kwaba tun tana yarinya, amma a ganinta tsufa ne kawai da rashin kayan zamani. Zancen yatsan kuwa ba ta sani ba, Inna ba ta taɓa gaya wa 'ya'yanta ba. So take uwarta ta dawo ta tarar da madafi fes kafin baƙi su zo.

Daga ɗaki na jiyo ƙarar dirza, tana yi tana waƙa. Na ƙwala mata kira, ba ta ji ba. Kafin in lallaɓa in fito, Inna ta shigo da kwando a ka.

Murfin hagu ya yi fari kamar ƙashi. Kumfa ja tana gangarowa ƙasa.

"Inna, kin ga yadda ya fita?" in ji Auta tana haki. "Dattin shekara da shekaru ne. Bari in yi ɗayan."

Inna ta sauke kwandon a hankali. Ta matsa ta shafa wajen mariƙin.

"Ina yatsan?"

"Wane yatsa?"

"Kin kankare ubanki."

Auta ta fara dariya, ta ga ba wasa, ta haɗiye. Daga nan bakin Inna ya buɗe. Ba zan maimaita duka ba. Amma har da ta ce, "Cikin waɗanda na binne, da wata ce ta tsaya, da ba ta yi min haka ba." Na ga fuskar Auta ta sauya. Ta ajiye soson ta ce, "Dama na sani, Inna. Katako ya fi mu a wurinki. Kin taɓa shafa kaina yadda kike shafa shi?"

"Fita min daga madafi. Kada ƙafarki ta sake taka shi."

Ko ragon suna Auta ba ta tsaya an yanka ba. Da la'asar ta ɗaura kayanta ta fita bakin titi.

Inna ta yi ta shafa wa murfin man kaɗe, bai dawo ba. Ruwa ya shige shi, har ya ɗan karkace. Maigidana ya ɗauko wani kafinta daga Kura, ya duba ya ce abu mai sauƙi ne, sai a kankare kwabar duka a shafa sabon banish. Inna ta ce, "In ka kankare nasa ka shafa naka, kwabar wa ke nan?" Mutumin ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ta ci gaba da goge farin murfin duk Alhamis da laushin hannu iri ɗaya da sauran.

Kawu ya zo sulhu, liman ya sa baki, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Salla ta zo ta wuce, wata ta zo. Auta ta aiko da atamfa, Inna ba ta ɗinka ba, ba ta kuma mayar ba, ta sa a akwati. Sai dai in maigidana ya yi tafiya ta tambaye ni tana kallon wani wuri, "Wancan ya biya Kumbotso?"

"Ya biya, Inna."

"Mutanen can suna lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Tana gaishe ki."

"Ban tambaye ki ba."

Bara da damina mijin Auta ya kawo ta da tsohon ciki, ƙafafu a kumbure. Ta yi ɓari a baya, shi kuma kullum yana kan hanya, ya ce ya fi so ta haihu gaban nata. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ta gaishe ta, Inna ta amsa tana kallon bango. A ɗakina ta sauka. Tun washegari Inna ta fara dama kunun tsamiya da kanta, ta miƙo min kwanon ta ce, "Kai mata. Kada ki ce ni na dama." Auta ta kurɓa ta ajiye, hawaye ya zubo. Ta ce, "Na san hannun."

Na ce, "To ki tashi ki je mana."

Ta ce, "Ta ce kada in taka madafinta, ita kuma kullum tana ciki. Bari dai in haihu in ɗora mata jika a cinya, in ga yadda za ta yi da ni."

Sai aka kama ruwa kwana da kwanaki ba ɗaukewa. Magudanai suka cika suka tumbatsa, gonakin shinkafa suka zama tafki, katangu suka fara zubewa a unguwa. Safiyar da naƙuda ta kama Auta ruwa ya shigo tsakar gidanmu har ƙauri. Hanyar Kura ta yanke, ko babur ba ya wucewa. Ungozoma da zani a tattare ta ratso ruwa ta zo. Inna da maigidana suna madafi suna ƙoƙarin ɗora kwaba a kan turmi da tubali. Wajen azahar aka haifi 'ya mace, ta yi kuka lafiya. Jini ne ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta yi duk abin da ta sani, sannan ta ɗago ta dube ni, na gane.

Na fita na tsaya a ƙofar madafi na ce, "Inna, jini ya ƙi tsayawa."

Ban taɓa ganin Inna ta yi gudu ba sai ranar. Ta saki abin da ke hannunta ta keta ruwan, ta faɗa ɗakina, ta ɗago kan Auta ta ɗora a cinyarta. Ta zame mata ɗankwali tana shafa gashinta.

"Auta. Ni ce. Buɗe ido ki gan ni."

Idon ya buɗe rabi.

"Na yafe miki, ke ma ki yafe min. Kin ji ko? Katako ne. Katako ne kawai."

Leɓen Auta ya motsa, amma ba mu ji komai ba. Kafin la'asar ta cika, kanta yana cinyar uwarta.

Maƙabartarmu a kan tudu take, an samu an haƙa kabari. Itacen da za a jera a bakinsa kafin a zuba ƙasa ne babu. Tun da aka share bishiyoyi, itace saye ake daga nesa, ɗan wanda mutane suka tara ruwa ya kwashe, azarar gidajen da suka rushe kuma tana ƙarƙashin laka. Maza suka yi cirko-cirko a zaure suna shawara. Inna ta fito daga wajen wankan gawa, idonta a bushe, ta ce da ni, "Kira min wancan. Ya zo da gudumar ubansa."

Ya shigo. Ta nuna masa babbar kwaba. "Ɓalle murfin duka biyu, da katakan ciki."

"Inna..."

"Ɓalle na ce."

Ya ɓalle. Na zaci za a fita da su ke nan, sai ta ce in kunna risho in ɗumama ruwa. Ta zauna a kan turmi, ruwa yana kewaye da ƙafafunta, ta ɗora katakan a cinya ɗaya bayan ɗaya. Ta share laka da busasshe, ta bi da jiƙaƙƙe, ta ɗauraye, ta busar. Liman ya aiko cewa rana tana faɗuwa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Haba baiwar Allah, ƙasa fa za a zuba musu."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ubanta ne ya yi su. Ba za su je mata da datti ba."

Farin murfin ta bari ƙarshe. Ta lakato man kaɗe ta murza ta shafa masa, ta daɗe tana gogewa, sannan ta miƙa wa ɗanta ta juya baya.

Ina da goyo a lokacin, sai na haɗa jaririyar da nawa na shayar. Mijin Auta da ruwa ya janye ya zo, ya yi kukansa, ya ce a bar ta a hannunmu.

Daga ranar Inna ta daina faɗa. Gidan ya yi shirun da ya fi faɗan ban tsoro. Ƙwarangwal ɗin babbar kwaba yana tsaye a madafi, kwanuka suna cikin kwando. Alhamis ta zo ba ta tashi ba, sai na ɗauki tsummokaran na goge ƙaramar, tana kan tabarma da jaririyar a cinya tana kallo. Wata rana da gangan na bar tsumman yana ɗiga, ko za ta yi min tsawa in ji muryarta ta dā. Ta gani sarai. Ta mayar da idonta kan jaririyar. Abin da kawai take yawan tambayata, in mun rage mu biyu, shi ne, "Ke, kina ganin ta ji?" Ni kuma in ce, "Ta ji, Inna. Na ga bakinta ya motsa." Sai ta gyaɗa kai. Bayan kwana biyu ta sake tambaya.

Ci ya ragu, tari ya shigo. Maigidana ya kai ta asibiti aka ba da magani, ta sha don kada ya ji ba daɗi. Aka shuka alkama, ta fito, ta yi kai, Inna tana ƙara ƙanƙancewa a kan tabarma.

Ranar Lahadin da ta zama ta ƙarshe a gare ta, da rana tsaka, ta sa na ɗora mata yarinyar a ƙirji. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "'Yar nan." Na waiga in ga da wa take, ashe da ni take.

"Ƙaramar kwabar ta yarinyar nan ce. In ta tasa ki koya mata. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, ta matse tsumma da kyau."

"To, Inna."

"In ta ɓata..." Tari ya sarƙe ta, na ɗago ta na ba ta ruwa. Da ta samu numfashi ta riƙe hannuna ta ce, "In ta ɓata kwabar, ki kira ta ki ba ta abinci."

Na ce to. Ta ce in ɗauke yarinyar, ta yi mata nauyi. Ranar Talata da hantsi ta tafi, kalmar shahada a bakinta.

Wanda duk wannan ya iso gare shi, ina roƙon ya sa Inna cikin addu'arsa. Allah ya yafe mata abin da bakinta ya faɗa, ya karɓi abin da hannunta ya yi a ɓoye. Ya yalwata mata makwanci, ya haɗa ta da mijinta da 'ya'yan da ta binne tun suna ƙanana. Ya Allah, in Auta ba ta ji ba a ranar nan, ka sa ta ji yanzu.